Sunanka a Littafin Masu Ba da Bashi

 Sharhinmu na yau zai tsaya ne a kan wata lamba wadda yawancinmu ba mu taɓa ganinta ba, ba mu kuma san inda aka ajiye ta ba, alhali kuwa ita ake fara dubawa tun kafin a dubi fuskar mutum a duk ranar da ya shiga banki neman rance, ko ya nemi a sayar masa da mota ko babur ya riƙa biya sannu a hankali. Watau makin da ake ba mai cin bashi gwargwadon yadda ya saba cika alkawari ko saɓa shi.

Matsalar da wannan maki ya zo warwarewa daɗaɗɗiya ce, ta girmi banki, ta girmi takardar kuɗi, domin tun ranar da wani ya fara miƙa dukiyarsa ga wani bisa sharaɗin a biya shi bayan wani ajali, tun ranar yake tambayar kansa ta wace hanya zai rarrabe mai biya da mai cinyewa. Kakanninmu suna da amsarsu, kuma amsa ce mai ƙarfi. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna cikin Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya kuma fitar da littafinsa a 1969, inda ya bayyana yadda falke zai kawo shanunsa tun daga Arewa, ya sauka a gidan maigidansa, ya danƙa masa garken baki ɗaya, dillalan maigidan su sayar wa mahautan gari bashi na 'yan makonni, ba takarda, ba sa hannu, ba jingina. Idan mahauci ya gaza, maigida ne zai fitar da kuɗin daga aljihunsa ya sallami baƙonsa. To, me ya ba maigida ƙarfin halin ɗaukar wannan lamuni? Sani ne. Dillalinsa yana wuni a kara, ya san mahaucin da yake yanka sa guda a rana da wanda yake yanka uku, ya san wanda ya jinkirta wa maigidan maƙwabta a watan jiya, ya san wanda ya shiga hidimar biki har jarinsa ya raunana. Kuma duk wanda ya ci amana sau ɗaya, kafin rana ta faɗi labarinsa ya gama zagaya kasuwa, ba mai sake ba shi ko ɗan maraƙi sai ya biya na baya. Har gobe haka abin yake a kasuwannin Kantin Kwari da Dawanau, inda ake ɗora wa mutum kaya na miliyoyi a kan kalmar bakinsa, saboda an san shi, an san ubansa, an san wanda ya kawo shi.

Malamanmu kuwa sun riga kowa mayar da auna amanar mutane ilmi mai ƙa'ida. Ma'abuta hadisi, irin su Yahaya ɗan Ma'in da Ibn Abi Hatim, sun ƙarar da rayuwarsu suna bin diddigin maruwaita ɗaya bayan ɗaya, suna jera su daraja bisa daraja: wannan amintacce ne, wannan mai gaskiya ne amma haddarsa tana da rauni, wannan an bar karɓa daga gare shi, wannan kuwa majhuli ne, ba a san shi da alheri ko da sharri ba, saboda haka ba a kafa hujja da shi. Haka nan alƙalin Malikiyya ba ya karɓar shaidar baƙon fuska sai an yi masa tazkiyya, watau sai adilai sun tsaya sun ce sun san shi. Ba muna daidaita martabar wannan ilmi mai tsarki da lissafin 'yan kasuwa ba ne, Allah ya kiyaye. Amma mai sauraro ya riƙe waɗannan darajoji a zuciyarsa, musamman ta majhuli, domin za mu same shi tsaye a bakin ƙofar banki nan gaba kaɗan.

Idan muka koma ga tarihin makin nan, abin da ya faru a Amurka shi ne ƙasa ta yi faɗi, fatauci ya yi nisa, har sanin ido ya kasa. Bayan karyewar tattalin arziki ta 1837, wadda ta durƙusar da 'yan kasuwa masu yawa, wani attajiri mai suna Lewis Tappan ya buɗe ofis a birnin New York a 1841, ya naɗa wakilai a garuruwa, yawancinsu lauyoyi, suna aiko masa da labarin kowane mai kanti, dukiyarsa da halinsa da yadda yake biya, shi kuma yana sayar wa manyan dillalai wannan labari. Cikin wakilan wannan ofis har da Abraham Lincoln, tun bai zama shugaban ƙasa ba. A 1899 aka kafa wani kamfani a birnin Atlanta mai tattara labarin talakawa masu cin bashin kanti, wanda shi ne yau ake kira Equifax. Sai dai da tafiya ta yi nisa, irin waɗannan kamfanoni suka shiga cusa tsegumin maƙwabta cikin fayil ɗin mutane, wane yana shan giya, wance aurenta ya mutu, ana hana mutum rance ko aiki bisa maganar da bai taɓa ji ba, balle ya kare kansa. Kukan jama'a ne ya sa majalisarsu ta yi doka a 1970 wadda ta ba kowa ikon ganin abin da aka rubuta a kansa da neman a gyara kuskure, ta kuma yanke cewa yawancin tabon bashi ba zai wuce shekara 7 a littafi ba. Mai ilmin hadisi ba zai yi mamakin wannan doka ba, gama ƙa'ida ce sananniya a wurinsu cewa ba a karɓar sukar mutumin da aka san shi da adalci sai an fayyace dalilinta.

Maki kansa ya zo daga baya. Wani injiniya, Bill Fair, da wani masanin lissafi, Earl Isaac, suka haɗa kamfani a 1956 bisa ra'ayin cewa halin biyan mutum na jiya ya fi kowane boka iya faɗin halinsa na gobe, kuma a 1989 kamfanin ya fitar da makin da ake kira FICO, wanda yake farawa daga 300 ya tuƙe a 850. Sun bayyana wa duniya nauyin da suke ba kowane sashe. Kashi 35 cikin 100 na makin yana rataye ne a kan biya cikin wa'adi, kashi 30 a kan yawan abin da ake bin mutum idan aka gwada shi da iyakar da aka yarje masa, kashi 15 a kan daɗewarsa yana mu'amala, sauran 20 ɗin kuma an raba su biyu daidai tsakanin yawan neman sabon bashi da bambancin nau'o'in bashin da ya taɓa riƙewa. Ku lura da abin da babu shi a ciki: babu yawan albashi, babu girman gida, babu sarauta, babu sunan uba. La'alla mai gadi da ya saba biya ran da ya ce zai biya ya fi shugaban ma'aikatarsa maki, kuma wannan, a ganina, wani adalci ne da bai kamata a raina shi ba.

'Yan'uwanmu mazauna Amurka da Ingila sun fi mu sanin zafin abin, domin a can mai gidan haya ma yakan duba tarihin bashin mutum kafin ya miƙa masa mabuɗi, haka kamfanin waya. Baƙon da ya sauka jiya, ko da ya bar gidaje goma a Kano, ba shi da ko layi ɗaya a littafinsu, shi ya sa yakan fara da katin da shi da kansa ya ajiye kuɗin jinginarsa. Idan an yarje masa dala 1,000 sai ya tsare kansa ƙasa da 300, ya riƙa sayen man mota da cefane da shi, ya share bashin duka kafin ƙarshen wa'adi, ta yadda ba za a ɗora masa ruwa ko na sisi ba, har a hankali littafin ya san shi. A Ingila kuwa shigar da suna cikin rajistar masu zaɓe yana taimakawa, don yana tabbatar da mazaunin mutum, kuma wanda ya kasa biya, tabonsa yana zama shekara 6.

Mu dawo gida. Masu shekaru a cikinmu ba su manta da watan Agusta na 2009 ba, lokacin da Babban Bankin Nijeriya, a ƙarƙashin Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, sa'an nan aka buga sunayen manyan masu cin bashi a jaridu, jama'a suka ga yadda mutum ɗaya yake cin bashi a wannan banki ya ƙi biya, ya tsallaka titi ya ci a wancan, ba wanda ya san abin da ke littafin ɗan'uwansa. A wannan zamani ne aka ba kamfanoni uku lasisin tattara bayanan bashi, waɗanda a yau ake kira CRC da FirstCentral da CreditRegistry, aka kuma wajabta wa bankuna su riƙa kai musu labarin masu bashinsu, su kuma tambaye su kafin su ba da sabon rance. A 2014 aka ƙaddamar da lambar BVN, wadda ta ɗaure duk asusun mutum da zanen yatsunsa, ta toshe hanyar canza suna daga banki zuwa banki. A 2017 Mukaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a dokar bayar da rahoton bashi. Daga ranar 1 ga Agusta, 2020 kuma aka fara aiki da wani tsari wanda ya ba bankin da yake bin mutum ikon ɗebe haƙƙinsa daga kuɗin da mutumin ya ajiye a wani banki dabam, bisa izinin da shi da kansa ya sa wa hannu ranar karɓar rancen, ko ya karanta ko bai karanta ba. Maƙwabtanmu na Nijar su ma ba a bar su a baya ba, domin Babban Bankin ƙasashe 8 masu kuɗin sefa na Yammacin Afirka ya shimfiɗa irin wannan tsari a ƙasashensa.

To, ga inda gizo yake saƙar. Littafin nan ba ya sanin kome sai abin da aka rubuta a cikinsa, mu kuwa galibin amanarmu ba a rubuce take ba. A ce ga wata uwar adashi wadda ta shekara ashirin tana tara kuɗin matan unguwa, ba ta taɓa tauye wa kowa kwabo ba, ranar kwasa ba ta taɓa cewa a dawo gobe ba. Ko ga wani ɗan kasuwa wanda ake loda masa tirela guda ta hatsi a kan kalmarsa. Su shiga banki, ma'aikaci ya karɓi lambarsu ta BVN, ya danna a kwamfuta, ya ɗan jira, sa'an nan ya ɗago kai ya ce, “Hajiya, ai ba ki da tarihi.” Ba ƙarya ya yi ba, kuma ba raini ba ne: a wurin na'ura wannan baiwar Allah majhula ce, ba a same ta da laifi ba, ba a kuma same ta da shaida ba, kuma mai ba da bashi yana tsoron wanda bai sani ba kusan kamar yadda yake tsoron wanda ya sani da mugun biya. Wannan ita ce babbar illar tsarin a wurinmu, cewa mutanen da suka fi kowa gudun bashi saboda tsoron Allah da tsare mutunci, su ne suke wayi gari ba su da abin nunawa ranar da larura ta kama su.

Ina maganin wannan? Akwai masu cewa mutum ya je ya ci bashi da gangan don kawai a san shi, ni kuwa ba zan ba Musulmi shawarar ya kusanci riba saboda neman wata lamba ba, domin abin da Allah ya haramta ba ya halatta don maslahar maki. Amma ƙofar halal a buɗe take. Tun daga 2012 da bankin Jaiz ya fara aiki, sa'an nan TAJ a 2019 da Lotus a 2021, akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, waɗanda za su sayi injin niƙa ko keken ɗinki ko babur su sayar maka da riba sananniya bisa ƙa'idar murabaha, ka riƙa biya wata-wata. Su ma suna ƙarƙashin Babban Banki, biyanka a wurinsu yana shiga littafi kamar na kowa. Wanda yake da buƙata ta gaskiya, ƙarama wadda ba ta fi ƙarfinsa ba, ya biya ta ta wannan hanya, ya cika wa'adi, to ya fara gina suna ba tare da ya saɓa wa Mahaliccinsa ba. Bashi a kan kansa ba aibi ba ne, Hausawa ma sun ce hanji ne, yana cikin kowa. Kuma ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa don iyalinsa. Rubuta bashi kuwa mu ne muka fi cancanta da shi, tun da aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kansa ta sauka. Abin mamaki ne al'ummar da aka umarta da rubutawa ta zama ita ce take jin kunyar cewa a kawo takarda da alƙalami, wai kada a ce ba ta yarda da ɗan'uwa ba.

Wannan ke nan game da wanda ba a sani ba. Wanda aka sani da tabo kuwa, sau da yawa ba babban bashi ne ya ɓata shi ba. Yaro ne ya ga talla a wayarsa, ya danna, aka turo masa Naira 5,000 cikin minti biyu, ya sayi kati da ɗan abin taɓawa, ya cire layin ya jefar yana dariya, yana zaton ya yi wayo. Bayan shekara uku ya gama karatu, ya sami sana'a, ya je neman jarin Naira miliyan biyu, sai ga 5,000 ɗin nan ta riga shi isa, tana zaune a littafi da sunansa da lambarsa. Ko kuma dattijo ne ya tsaya wa ɗan ƙaninsa lamuni saboda zumunci, ya sa hannu bai tambayi nawa ba ne, bai tambayi yaushe ne wa'adi ba, yaron ya gudu, bashin ya dawo wuyansa, gama a shari'a ma wanda ya yi lamuni shi ne mai biya. Mafi muni duka shi ne wanda ya ba wani lambarsa ta BVN da lambar sirrin da aka turo masa a waya, don an ce za a sa shi cikin jerin masu samun tallafi, aka je aka ci bashi da sunansa yana barci. Jama'a, lambar nan zimmarka ce; duk abin da aka ci da ita, kai ake bi.

Ina kuma so in faɗi wata magana wadda ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Akwai wata fatawa da ba malamin da ya bayar da ita, amma ta yaɗu a cikinmu kamar wutar daji, cewa rancen gwamnati rabo ne, ba a biyan sa. Manomi ya karɓi taki da iri a matsayin rance, kaka ta yi, ya sayar da amfaninsa ya ƙara aure, in an tambaye shi ya ce ai kasonsa ne na arzikin ƙasa. Haƙiƙa wanda ya sa hannu a kan zai biya, to bashi ne a wuyansa ko daga hannun wa ya fito, kuma hadisi ingantacce ya kira jinkirin mawadaci zalunci. Ban da haka, tun da yanzu da BVN ake karɓar irin wannan rance, wanda ya cinye ya sani cewa ya sayar da sunansa ne a kan buhun taki, ya kuma rufe ƙofa ga maƙwabcinsa da zai nema baɗi. Mu ne muke tsayawa a gaban gawa, kafin a yi mata salla ko bayan an rufe ta, a yi shela cewa duk mai bin mamaci ya zo ya sami iyalinsa. Mu da muka san ba a raba gado sai an fitar da bashi, bai kamata a ce wata na'ura ce za ta koya mana nauyin wannan al'amari ba.

Kada kuma a ɗauka cewa ina wanke tsarin ne daga kowane laifi. Maigidan Sabo yana da abin da kwamfuta ba ta da shi, watau sanin uzuri. Ya san mahaucin da gobara ta cinye rumfarsa, ya san wanda jinyar mahaifiya ta cinye jarinsa, yana iya ɗaga masa ƙafa bisa umarnin da Alƙur'ani ya yi na saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya sami sauƙi. Na'ura kuwa kwana kawai take ƙirgawa. Malamin makarantar da aka riƙe albashinsa wata uku, bankin da ya ba shi rance a kan albashin zai rubuta shi cikin masu jinkiri, wanda ya riƙe albashin kuwa ba mai rubuta shi a ko'ina. Sa'an nan ga kuskuren 'yan Adam: bashin da aka biya tun tuni amma ma'aikaci bai share ba, ko sunan da ya yi kama da suna, a ƙasar da mai suna Muhammad Sani ko Aisha Abubakar ba ya ƙirguwa. Ga kuma hatsarin tara sirrin jama'a a wuri ɗaya, kamar yadda aka gani a 2017 lokacin da ɓarayin intanet suka kutsa cikin Equifax suka kwashe bayanan mutum wajen miliyan 147. Su kuwa masu ba da rance ta waya waɗanda suke bin lambobin da ke wayar mutum suna aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cewa ɓarawo ne, wannan cin mutunci ne tsagwaronsa, ba shari'a ba doka, shi ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris na 2022. Mai bin bashi yana da haƙƙin magana, amma ba shi da haƙƙin keta alfarmar mutum.

Duk da haka, wanda ya ga tabo a sunansa kada ya yanke ƙauna, domin littafin nan yana yafewa, sai dai ba ya gaggawa. Ma'aunin ya fi ba halin kwanan nan nauyi a kan na da, ta yadda jinkirin shekara huɗu da suka wuce ba ya ciwo kamar na watan jiya, muddin abin da ya biyo bayansa biya ne a kan kari. Hanyar kuwa ba ta da wani sirri. Mutum ya fara da bashin da wa'adinsa ya riga ya wuce, ya je da ƙafarsa wurin masu shi ya zauna da su. Idan ba zai iya biya gaba ɗaya ba, ya nemi a sake tsara masa a rubuce, domin banki ya fi son kuɗinsa su dawo sannu a kan su tafi gaba ɗaya, kuma wanda ya zo da kansa kafin ranar biya ya ce ga halin da nake ciki, ba a yi masa kallon wanda aka yi ta nema yana kashe waya. Idan ya gama biya, kada ya fita sai da takardar shaidar cewa ba a bin sa kome, ya adana ta inda yake adana takardar filinsa, bayan 'yan makonni kuma ya bincika ko an gyara a littafin. Ya sa ranar biyansa ta faɗo bayan ranar shigar kuɗinsa. Ya daina yawon neman rance ƙofa-ƙofa a mako guda, gama kowace tambaya ana rubuta ta, kuma mai ba da bashi in ya ga an ƙwanƙwasa ƙofa biyar a jere, abin da zai fahimta shi ne ruwa ya kai wa mutumin wuya. Duk wanda kuma ya zo maka da cewa yana da hanya a ciki, ka ba shi wani abu ya goge maka sunanka cikin dare ɗaya, to ɗan damfara ne. Bayanin da yake gaskiya ba mai iya share shi da kuɗi, wanda yake kuskure kuwa kai da kanka kana da ikon sa a gyara shi.

A nan ne nake ganin sakacinmu ya fi yawa. Dokar 2017 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon neman takardar tarihin bashinsa, kyauta sau ɗaya a shekara, ta kuma ba shi ikon ƙalubalantar abin da bai yarda da shi ba, a bincika, in kuskure ne a gyara. Amma mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa nema? Sai ranar da aka hana mutum rancen da ya ƙwallafa rai a kansa, lokacin kaya suna jira a kasuwa ko asibiti tana jiran kuɗi, sa'an nan zai ji labarin bashin da bai san da shi ba, alhali gyaran yana cin makonni. Ga shi kuma gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ba da lamuni ga masu saye a 2024, ta kuma buɗe asusun rancen ɗalibai a shekarar, abin da yake nuna cewa mu'amalar da za ta bi ta wannan littafi ƙaruwa za ta yi ta yi. 'Ya'yanmu za su fara rubuta tarihinsu tun suna makaranta, wajibi ne iyaye su gaya musu haka.

Saboda haka, ya kai mai sauraro, ko kana da niyyar cin bashi ko ba ka da ita, kada wannan wata ya ƙare ba ka nemi takardarka daga ɗaya cikin kamfanonin nan uku ba. In ba ka iya karatun boko ba, ka sami ɗanka ko wani amintacce ya karanta maka layi bayan layi. In ka ga bashin da ka manta, ka biya shi. In ka ga wanda ba naka ba ne, ka rubuta ƙorafi ka riƙe kwafinsa. Su kuma shugabannin kasuwanninmu da ƙungiyoyin adashi da na manoma, muna roƙonsu su fara rubuta mu'amalar mutanensu a littafi mai tsari, da suna da kwanan wata da adadi, su kuma nemi hanyar da bankuna za su karɓi wannan shaida, domin masu gaskiyar da ke cikinsu su daina komawa gida hannu rabbana. Allah ya biya wa mai bashi bashinsa, ya tsare mana mutuncinmu.